Iklima da Ɗakin Duhun Ado

Yaran yanzu in suka ji an ambaci Iklima mai hoto, iyakar saninsu ita ce ta ɗauki hoton bikin uwarsu ko na sunan yayarsu. Har wata jikata mai karatun jami'a ta zo tana karanta mini wai Iklima jaruma ce. Na ce ta rufe mini baki. Ni na san Iklima tun ba ta bambance gaban kyamara da bayanta ba, kuma a kaina abin ya fashe. Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta, amma ba zan yi wa labarin kwaskwarima don ta mutu ba.

Asalinta mai kitso ce. A Ƙofar Marusa aka haife ta, nan ta yi aure, nan mijin ya rasu ya bar ta da ɗiya ƙanana da ɗaki mai yoyo. Ba ta sake aure ba, ta ce ta gaji da wankin rigar da ba ita za ta sa ba. Doguwa ce, baƙa, mai manyan hannuwa. In ta kama kanki sai kin kira sunan kakarki, amma kitson sai ya yi wata bai tashi ba.

A zamanin nan mu matan gidajen cikin birni ba ma fita da rana, namiji baligi kuwa iyakarsa zaure. Iklima tana cikin mata ƙalilan da ke ratsa zaure ba a ce musu ina zuwa ba. Ba ta da gona, ba ta da jari, ƙofofin nan da ake buɗe mata su ne abincinta da na ɗiyanta. Ran da wani mai gida ya ce kada ta ƙara shigo masa, ran nan tuwon gidanta ya ragu, kuma ta san haka sarai. Shi ya sa bakinta a ɗinke yake. Ta san mai furfurar da ake ɓoyewa da baƙin shuni, ta san wadda sanƙo ya fara ci, ta san wadda ke kuka tana kwance a cinyarta ana tsaga mata kai. Ban taɓa jin ta kwashi na wani gida ta kai wani ba.

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula ce, lokacin Katsina tana ƙarƙashin Kaduna, shekarar da aka ce mu ma mata za mu jefa ƙuri'a. Ƙanenta Siddiƙ ya dawo daga aikin Hajji da kyamara a wuya. Ya ɗauki fim guda, aka wanko, duk mutanen ciki ba kawuna, sai riguna da takalma. Ya yi fushi ya wurga ta kan gado. Iklima ta ce ya ba ta. Dabararta ita ce ta riƙa ɗaukar kitson da ta yi, ta tara hotunan, in ta shiga gida a zaɓa da ido, ta huta da kwatancen shuku da doka da baki.

Akwai wani Ado mai shagon hoto a kan hanyar Ƙofar Kaura, wajensa Siddiƙ ya kai wanki, wajensa ta nufa. Ado ya yi dariya da ya ga mace da kyamara, amma ya koya mata abin da ya sawwaƙa. Rana ta kasance a bayanki. Ki riƙe numfashi kafin ki danna. Ki ja ɗan ƙarfen nan bayan kowace ɗauka. Murfin baya kuwa kada ki buɗe shi ko gobara ake yi. Ta dawo tana bitar wannan a hanya kamar mai hadda.

Fim ɗinta na fari na gan shi da idona, kuma abin kunya ne. Akuyar maƙwabta daga wuya zuwa ƙasa. Ganuwa a karkace, sai ka ce yau za ta faɗi. Wani baƙin abu ya rufe rabin duniya a hotuna da yawa, muka yi ta musu ko aljani ne, ashe yatsanta ne. Guda ɗaya tak ya fito fes, shi ma ƙafafunta ne, ta danna ba ta sani ba. Na ce mata, “Iklima, mayar wa yaron nan kayansa, ki kama matsefinki.” Ta ce sai ta ga bayan abin. Taurin kai dai ba daga baya ta koye shi ba.

Na biyu ya yi dama-dama. A na uku sai ga ɗiyanta zaune a kan turmi, kowa da kansa a wuyansa, har ana gane mai hawaye. Nan fa matan unguwa suka taso. Ku gane, yawancinmu ba a taɓa ɗaukar mu hoto ba, in ban da waɗanda suka je Makka, su ma fasfo ne, an naɗe fuska an murtuke. Mai hoto namiji ne, ba ya wuce zaure. Yanzu ga hoto ya shigo har tsakar gida a hannun wadda ta san kanmu ciki da bai. Kowa na so a ɗauke ta da sabon kitso, ba ɗankwali, ta ga yadda ƙeyarta take.

Ni ce na tsaya na yi tambaya. Sunana Hauwa'u, ana ce mini Maijidda. Maigidana Malam Ummaru hedimastan firamare ne, mutum ne da in ya yi gyaran murya a zaure har kaji sai sun natsu. Ba mugu ba ne, ko yatsa bai taɓa nuna mini ba, amma ba a wasa a gabansa, ni ma ban taɓa gwadawa ba. Saboda haka na ce, “Iklima, tsaya. Wannan abin, wa ke wanke shi?”

Ta ce, “Ado mana.”

Na ce, “To Ado mace ne?”

Ta ɗauki mayafi ta fita. Ba ta dawo ba sai la'asar, fuskar nan tana ƙyalli. Ta ce ta je ta tsare shi, ta ce ya nuna mata inda yake wankin. Ya kai ta bakin wani ɗan ɗaki a ƙuryar shago, ba taga, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ya ce mata nan ne ɗakin duhu, haske ko na bakin allura ya shiga fim ya mutu, shi kansa da lalube yake aikin, ko tafin hannunsa ba ya gani. Har ya sa ta shiga ya ja ƙofa, ta ɗaga hannu a gaban idonta ba ta gan shi ba.

“Kin ji, Maijidda,” in ji ta. “Cikin duhu ake wankewa, a sa a ambulan a liƙe. Ba idon da ke sauka a kai sai na mai shi.”

Wallahi da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma da zuciya ɗaya muka karɓa. Wa ya san akwai sauran aiki bayan duhun? Ba ta tambayi Ado dalilin tambayarta ba, shi ma bai ce me ya kawo maganar ba. Ta bi gida gida tana rantsuwa da Allah cewa namiji ba ya gani. Mata suka tuɓe ɗankwali. Ta ɗauki matar liman, ta ɗauki matan wani babban ɗan kasuwa na Ƙofar 'Yandaka, ta ɗauki wata tsohuwa da ko ƙannen mijinta ba su taɓa ganin kunnenta ba. In ta kai fim sai ta yi kwanaki ta koma, Ado ya miƙo mata ambulan a liƙe, ta kawo wa masu shi a liƙe. Kowa ya ga alama ta tabbata.

Ni dai na ja baya na daɗe. Sai da na ga kowa ya yi ba abin da ya faru, sannan wata safiya da ta gama mini shuku, Malam yana makaranta, na ce to ɗauke ni mu gani. Ina ɗaure da zane a ƙirji, kai a buɗe, man kitso yana ƙyalli. Ta sa ido a kyamara tana ja da baya wai sai na shiga duka, tana ja, tana ja, sai ji na yi caɓal, ta zauna cikin bahon wanki. Ta ɗaga kyamarar sama kamar mai ceton jinjiri, ruwan sabulu yana zuba daga zanenta. Na yi dariya har na riƙe ciki. Muguwar, tana miƙewa ta danna.

Abin da ya biyo baya ba a gabana aka yi ba. Daga bakinta na ji, daga baya na ji sauran daga wani bakin.

A fim ɗin nan akwai hotunan wata amarya da za a wuce da ita Dutsin-ma, danginta suka matsa, don haka Iklima ta koma shagon tun ranar da Ado ya sa mata ba ta zo ba. Zaɓe ya matso, gari ya cika da fasta da lasifika. Shagon Ado maƙil da maza: 'yan takara masu son hoton fasta, 'yan jam'iyya masu son na kati, da malaman makaranta da aka ɗiba aikin zaɓe aka ce kowa ya kawo fasfo. Ga shi yana gama fitar da hotuna wuta ta ɗauke, injin busar da hoto ya tsaya. Sai Ado ya ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan, ya shanya jiƙaƙƙun hotuna da 'yan matsai kamar wankin jarirai.

Iklima ta ce da ta sa ƙafa ba ta ma lura ba, sai da ta ga duk kawunan maza a ɗage. Ta bi idonsu. Ga amarya. Ga uwar amarya da kalaba. Ga matar wani alhaji tana juya ƙeya. A tsakiya, daidai saitin ƙofa inda haske ya fi, ga ni, kai a buɗe, kafaɗu a waje, baki har kunne.

Ta dafa bango. Kunnenta ya toshe, sannan ya buɗe a kan muryar wani ɗan jam'iyya mai jar hula yana cewa, “Wannan mai wushiryar ai ita ya kamata mu sa a fasta. Da ƙuri'ar Katsina duk tamu ce.” Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ko 'yar ina ce. Wani ya ce shi dai bai taɓa ganin ta ba, da ya gan ta da bai manta ba.

Nan ne ta gane cewa ba wanda ya san mu. Ta yaya za su san mu? Ba su taɓa ganin fuskarmu ba. Wanda zai gane mace a igiyar nan sai ubanta, ko ɗan'uwanta, ko mijinta. Ta fara sauke numfashi ke nan, idonta ya sauka kan bencin da ke ƙarƙashin igiyar. Malam Ummaru ne zaune, ya zo fasfon aikin zaɓe. Hotona yana ɗiga a kusa da hularsa.

Kansa a sunkuye, carbi a hannu, zufa tana bin wuyan rigarsa. Ya gane, ba ko shakka. Amma in ya buɗe baki ya ce a sauke, duk shagon ya san matarsa ce, kafin magariba kuma duk Katsina ta sani. In ya tashi ya fita a fusace, haka ma. Dole ya zauna a ƙarƙashina ana yi masa tallar matarsa a ka. Mai jar hular nan har taɓa shi ya yi ya ce, “Malam, ɗaga kai ka ga ikon Allah.” Ya ce, “Lazimi nake yi.”

Ni da nake ba ku labari, in ni ce a wurin da ihu zan kurma, da kuwa na kashe mu duka. Iklima ba ta yi ba. Ta gyara mayafi, ta ratsa mazan nan, ta ce da murya sarai, “Ado, hotunan mutanen Maraɗin nan sun bushe? Motarsu na shirin tashi.”

Ado ya buɗe baki zai ce wane Maraɗi, ta yi masa wani kallo, ya haɗiye. Mai jar hula ya ce, “Ashe mutanen Faransa ne, 'yan Nijar, shi ya sa. Ba su da ƙuri'a ma.” Hankalin kowa ya koma kan siyasarsa. Ta bi igiyar tana cirewa ɗaya bayan ɗaya, da danshinsu, tana cusawa cikin mayafi. Da ta zo kan nawa sai da ta miƙa hannu ta saman kan Malam. Bai ɗago ba, ita ma ba ta gaishe shi ba.

Ta ja Ado ƙuryar shago ta ce, “Ba ka ce mini cikin duhu ba?”

Ya ce, “Cikin duhu mana, Yaya Iklima. Fim ɗin ne ba ya son haske. Shi hoton kuwa akwai jar fitila, ina kallo yana fitowa cikin ruwan magani. In ban gani ba yaya zan san ya nuna?”

“Na baya fa? Waɗanda ka liƙe?”

“Ai sai na duba na yanke gefe kafin in liƙe. Ni da abokin aikina.” Da ya ga yadda fuskarta ta koma sai ya ce, “To ai ban san su ba.”

Kafin azahar ta shigo mini ba ko sallama. Ina tankaɗe. Ta durƙusa a gabana, mace mai wannan tsawo, ta zaro hoton ta ajiye a kan faifai, ta faɗa mini komai ba ta rage ba. Ban san sanda rariya ta faɗi daga hannuna ba. Na kalli matar da ke cikin hoton, na kalli ƙofar zaure. Na ce, “Malam? Malam nawa?” Ta ɗaga kai alamar e. Na ce, “A gaban mutane?” Ta sake ɗaga kai. Na ji wata irin kunya da ban taɓa sanin akwai irinta ba, har fatar kafaɗuna tana zafi kamar yanzu ake kallonta.

Na fizgi hoton, na ce ta ba ni baƙin fim ɗin da aka fitar da shi. Ta yanko wurin da nake ta miƙo. Na tura su duka cikin murhu, na tsaya sai da suka nannaɗe suka zama toka. Warin ya cika gidan.

Sannan hankalina ya ɗan dawo, na kama hannunta na ce, “Saurara. Ba wanda ya sani sai ke da ni da Malam, shi kuwa ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Ado bai san kowa ba. Ki kai wa amarya hotunanta, ki jefa kyamarar nan a rijiya, ki ja bakinki ki yi shiru.”

Ta ce, “Na rantse musu da Allah, Maijidda.”

Na ce, “Ba da sani kika yi ba.”

Ta ce, “Yanzu ai na sani. In shiga ɗakin mace in kama kanta, ina sane namiji ya kalle shi ta hannuna, ita ba ta sani ba? Ba zan iya ba.”

Na zage ta. Na ce mata wawuya, na ce ta tuna ɗiyanta, na ce gaskiyar da za ta bar yara da yunwa wa ya aike ta. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, don har yau ban tabbata ni ce mai kuskure ba. Ta bari na gama, ta tashi ta kakkaɓe gwiwa ta fita.

Gida gida ta bi, duk inda ta taɓa danna kyamarar nan. Matar liman ta zauna daɓas a ƙasa, sai salati take ja. Tsohuwar nan ta ce a kawo mata ruwa, ta yi ta wanke kai kamar abin zai fita. A Ƙofar 'Yandaka an jefe ta da murfin kwano. Wasu matan suka haɗiye abin, wasu kuwa tsoro ya sa suka faɗa wa mazansu kafin su ji a waje. Cikin 'yan kwanaki sai ga saƙo yana fitowa daga zaure zuwa zaure: Iklima kada ta ƙara shigowa. Har gidajen da ba ta taɓa ɗaukar kowa ba suka rufe, don an ce an ce. Matar da ke ratsa birni kamar gidan ubanta ta koma zama gindin bishiyar bedi ranar kasuwa, tana jiran matan ƙauye su kawo kai. Babbar ɗiyarta ta fara ɗaukar tallar gyaɗa, abin da Iklima ta sha cewa ba za a yi a gidanta ba.

Ni kuwa ina nawa zaman. Ranar nan Malam ya dawo, ya yi gyaran murya, ya shigo, na kai abinci. Ya ci, ya wanke hannu, ya fita masallaci. Bai ce uffan ba. Washegari haka. Aka yi zaɓe, aka kai mu da mota muka dangwala, aka dawo da mu. Soja suka koma bariki, rediyo ya yi ta kiɗa, duk ban san ana yi ba. Kullum na ji takunsa sai in ce yau ne zai ce in tafi gidanmu. Na rame har zobe yana zamewa daga yatsana. Bai ce Iklima kada ta shigo ba, bai ce ta shigo ba, ita kuma ba ta tako ba. Kaina ya tsefe ya zauna haka cikin ɗankwali.

Wata Juma'a da hantsi, yara sun fita, sai na ga inuwarsa a bakin ƙofar ɗakina. Malam ba ya zuwa ɗakina da rana. Na sauko daga gado na durƙusa, na ce to ga ta nan.

Ya tsaya yana kallon dokin ƙofa, ya ce, “Ina hoton?”

Na ce, “Na ƙona shi, Malam. Tun ranar. Har fim ɗin. Wallahi ba sauran ko ɗaya.”

Na zaci zai ce madalla. Da ban ji ba sai na ɗago na dube shi, abin da ba na yi. Fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ya ce, “Sau ɗaya na gan shi, da na shiga. Kafin in tabbatar ke ce, na sunkuyar da kai.” Ya juya carbinsa. “Duk 'yan siyasar Ƙofar Kaura sun kalle shi son ransu. Ni kaɗai ne a shagon nan ban samu na kalla ba.”

Na shirya wa saki, na shirya wa faɗa, wannan ne ban shirya wa ba.

Ya ce, “Ashe haka kike dariya.” Can ya ce, “Matar nan ta rufa mini asiri a gaban maza, ta je ta tona nata a gaban mata. A aika a kira ta, ta sake ɗauka.”

Na ce, “Wa zai wanke, Malam?”

Ya ce, “Ta koya.”

Akwai wani ɗan ɗaki a jikin zaurenmu da ake zuba tarkace, gidanmu kuma akwai lantarki. Malam ya sa aka kwashe, aka toshe taga da bargo. Ado, da kunya ta ishe shi tun da ya ji abin da igiyarsa ta jawo, ya kawo tsohon injinsa na fitar da hoto da kwanonin magani da jar fitila. Shi yana tsaye a zaure, ita tana ciki ta kulle ƙofa, yana kwatanta mata ta bayan ƙyaure da ƙarfi kamar mai yi wa kurma magana, tana amsawa da tsaki. Takardar da ta lalata Allah kaɗai ya san yawanta. Wasu su fito baƙi ƙirin, wasu fari fat. Yatsunta suka rine, tari ya kama ta saboda warin maganin. Ran da fuskar farko ta taso mata cikin ruwa, ta ce sai da ta ja da baya ta yi a'uzubillahi.

Ƙofarmu ce ta fara buɗewa, kuma da aka ji hedimasta da kansa ya ba ta ɗaki, wasu suka biyo a hankali. Wasu kuwa har ta koma ga Allah ba su buɗe ba, ciki har da gidan liman, kuma ba ta taɓa cewa sun zalunce ta ba. Ta yi shekaru tana ɗaukar matan birni, ita ke ɗauka, ita ke wankewa, ita ke miƙa wa mai shi hannu da hannu tare da fim ɗinsa. Da hoto mai kala ya shigo aka ce sai an kai wa inji a wajen maza, ta ce a kai kasuwa. Ta tsaya a kan baƙi da fari har aka daina nema, ta koma kan matsefinta.

Hoton farko da ta wanke da hannunta ya fito sosai nawa ne. Ta yi mini shuku irin na wancan karon, ta zaunar da ni a wuri ɗaya, rana a bayanta. Ta ce in yi dariya. Na buɗe baki, ta ce wannan ai ciwon haƙori ne. Ta kwaikwayi tafiyar Ado, ta kwaikwayi muryar mai jar hula, ta tono tsofaffin abubuwan da muke shaƙewa a kansu tun muna amare. Ina so in yi, Allah ya sani ina so. Wancan karon na san ba mai gani. Wannan karon na san wanda zai gani, sai fuskar ta ƙi. Da rana ta fara juyawa ta ce ba komai, ta danna.

Ya fito tas, kowane layin kitso ana ƙirga shi. Ina zaune a miƙe, hannu a cinya, baki a rufe, kamar mai jiran a kira ta gaban alƙali. Da la'asar na kai wa Malam a kan faifai. Ya sa tabarau, ya matsa bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, “Ya yi kyau,” ya miƙo mini da hannu biyu. Bai sake tambayar hoto ba har ya rasu.